Kapten Ba Ya Iya Shiru

Alhamis, bayan la'asar

Hannuna har yanzu wari yake yi. Na wanke da sabulu, na goga lemun tsami, warin yana nan.

Da hantsi wata mota ta kawo akwatunan kunkuru da za a loda wa jirgin da ke shirin tashi. Da takardarsu da komai. Malama Irma Pinas, wadda gwamnati ta ajiye a tashar jiragen ruwan nan don duba duk wata dabba mai shiga ko fita, ta ƙwanƙwasa gindin akwati ɗaya da maƙulli, ta ce sautin bai yi mata ba. Aka ɓalle katako. Ashe akwai wani ƙasa a ƙarƙashin ƙasan. Bututun roba ne jere kamar rake, kowanne da aku a ciki, an cusa shi da kai, an ɗaure masa baki da zare.

Wa za a kira? Ni Tukiran da Bisnu. Mu ne masu ciyar da dabbobin da ke jiran dubawa a sito, duk abin da ya zo da numfashi mu ake miƙa wa. Da hannu muka riƙa zaro su. Bisnu ya ɗago ɗaya ya ce, "Tsoho, dubi wannan. Ido a buɗe, amma babu kowa a gidan." Fiye da rabi haka suke. Masu sauran rai muka zuba a babban kejin ƙarshen sito. Ƙurar gashinsu ta tashi har muna tofar da ita.

Kapten yana rataye a ƙusarsa daga cikin ƙofa, inda yake kullum. Twatwa ne, ɗan tsuntsu mai waƙa, baƙi wuluk, da farin baki mai kauri. A garinmu Paramaribo duk mai twatwa da shi yake tafiya aiki, wanda aka bari a gida bebe yake zama. Yau ko sau ɗaya bai buɗe baki ba.

Ban yi makaranta ba. A jikin akwatunan tashar nan na koyi baƙi, shi ya sa rubutuna duk manya ne kamar na kayan da ke fashewa. 'Yata Sumi ta ba ni littafin nan wai in riƙa rubuta lokacin shan magani. Ba ni da maganin sha.

Juma'a, da yamma

An kwashe gawar aku uku da safe. Kapten ya ci, ya sha, ya yi wanka.

Lahadi, bayan azahar

Mun ci gasar waƙar tsuntsaye a fili. Wani mai kanti ya zo da tsuntsunsa da sabon keji mai ƙyalli, aka rataye shi daura da Kapten. Mai alli ya yi ta jan layi a allonmu, kowace waƙa layi ɗaya, har hannunsa ya gaji. Na mai kantin ya yi ɗan kukansa ya koma tsince-tsince.

Kornelis, wanda muka fara zuwa filin nan tare tun muna da haƙora, ya rataye nasa kusa da nawa muna shan inuwa. Ya ce, "Tukiran, wannan tsohon naka me kake ba shi, barkono?" Na ce, "Abin da matarka ta daina ba ka." Har mai alli ya yi dariya.

Waƙar gidanmu ce. Mahaifina ya kama na farko a gonakin shinkafa na ƙetaren kogi, lokacin da twatwa ke tashi daga ciyawa kamar fara. Twatwa ba ya fitowa daga ƙwai da waƙa. Daga tsohon da aka rataye kusa da shi yake ɗauka. Na farko ya ba na biyu, na biyu ya ba na uku, har ta iso Kapten, ba ta canja ba. Takan fara can ƙasa, ta mirgina kamar tsakuwa a kwano, ta hau, sai ta yanke kamar an tsinke zare. Yanzu gonakin sun zama gidaje, dajin babu twatwa ko na magani. Duk garin nan bakin Kapten kaɗai ya rage da ita.

Kornelis yana da ƙaramin da bai yi baƙi ba tukuna. Mun yi magana zai kawo shi ya zauna da Kapten idan ruwa ya ɗauke. Tun bara ya kamata. Ni na yi ta cewa ba a makara ba.

Litinin, da magariba

Akun sun takure a kusurwa, gashi a tashe, ido na zubar da ruwa. Kashinsu kore shar kamar an matse ganye.

Malama Irma ta shigo da takunkumi a fuska da safar hannu, ta miƙa mana namu. Bisnu ya ce, "Malama, ai kin zo da laima bayan mun jiƙe." Ba ta yi dariya ba. Ta goga auduga a bakin tsuntsaye, ta rufe a kwalabe. Za ta fita ke nan ta ɗaga kai.

"Pa Tukiran, wannan na wane ne?"

"Nawa ne. Ya riga ki fara aiki a nan."

"Yana nan ranar Alhamis?"

Na ce ban riƙe ba.

"Daga yau a nan zai kwana. Babu mai fuka-fukin da zai bar siton nan sai sakamako ya dawo."

Na ce idan cuta take tsoro, me ya sa za ta kulle lafiyayye da marasa lafiya? Ta ce ba shi take tsarewa ba, garin take tsarewa. Na mayar da shi can wajen taga inda iska ke shigowa daga kogi.

Na dawo gida hannu na lilo. Na rasa yadda ake tafiya babu keji, sai karkacewa nake yi kamar kwalekwalen da aka loda wa gefe ɗaya.

Laraba, da hantsi

Bisnu bai zo ba. Matarsa ta aiko cewa zazzaɓi ne. Damina ce, kowa na zazzaɓi.

Kapten ya ci, ya sha. Bai yi wanka ba, amma akwai sanyi.

Juma'a, bayan la'asar

Sakamako ya dawo. Ba a gaya mini ba, ina bayan tulin buhunan masara na ji Malama Irma tana waya da maigidanta. Ta ce cutar tana kama mutum, ta numfashi take shiga, daga ƙurar gashi da busasshen kashi. Ta saurara. Sai ta ce, "Duka, ranka ya daɗe? Har waɗanda ke da takarda?" Ta ƙara saurarawa. Ta ce to.

An ce za a garƙame sito kafin a tashi aiki. Na shiga ba su abincin ƙarshe.

Na fito sanye da rigar ruwata. Mai gadin ƙofa ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Pa, rana fa ake yi." Na ce ƙashina ya fi idonsa sanin hadari.

Na je gida na dawo. Na tarar da ita tsaye tana kallon wajen taga.

"Ina naka?"

"Ya mutu da safe."

"Ina gawar?"

"Kogi."

"Kejin fa?"

"Shi ma."

Ta daɗe tana kallona ta saman takunkumin. Sannan ta rubuta wani abu, ta sa aka kawo kwaɗo.

Asabar, da asuba

Akwai baƙo a banɗakin bayan gida. Na lulluɓe shi da zanen marigayiya matata, wanda aka rufe ba ya magana. Ya ci, ya sha.

Lahadi, da azahar

Da na sani ban je ba. Amma tun da na yi wayo ban taɓa fashin Lahadi ba, rashin zuwan ma magana ce.

Labari ya riga ni isa. Ina shiga fili mutane suka fara cire hula. Mai alli ya riƙe hannuna da hannu biyu. Har mai kantin nan ya zo ya ce bai taɓa jin kamarsa ba, Allah Ya ba ni haƙuri. Na tsaya ina karɓar gaisuwar mai rai, ina cewa na gode, na gode. Kowace gaisuwa ji nake kamar ana haƙa masa rami da bakina.

Kornelis bai cire hula ba. Ya jawo ni gindin bishiya, ya sa yatsa ya tsinci wani abu a wuyan rigata, ya nuna mini. Ɓawon shinkafa ne.

"Tun yaushe ka fara cin shanshera, tsohon banza?"

Na ce iska ce ta kawo.

"Nawa ya wuni kusa da naka makon jiya. Mutanen gwamnati sun zo gidana jiya suna leƙa masa ido. Ban ce komai ba, kuma ba zan ce ba. Amma in gashinsa ya tashi, Tukiran, ni da kai sai a lahira."

Ya juya. Bai ma ce in gaida gida ba.

Talata, da yamma

Sun yi. Sun kashe tsuntsayen sito duka.

Ba a bar mu mun shiga ba, wasu ne suka zo cikin fararen kaya har kai. Ina zaune a bakin kogi. Siton nan tun da na san shi ba ya shiru, ko jirgi na busa ana jin su. Sai ƙarar ta riƙa raguwa daga ƙarshen ɗakin tana matsowa ƙofa. Har da waɗansu ƙananan tsuntsaye kore guda biyu da ke karɓar ayaba a hannuna, waɗanda ba su taɓa kusantar akun ba.

Bayan azahar hayaƙi ya tashi ta bayan tashar. Iska ta juyo da shi wajenmu.

An ce in zauna a gida sai an neme ni.

Laraba

Ciwon kai ne na damina.

Alhamis, da hantsi

Sumi ta zo da kwanon miyar kaza da soyayyen rogo. Cikinta ya fito sosai yanzu, hawa matakala ma sai ta dafa. Na tare ta a baranda, na ja ƙofa a bayana.

"Pa, matsa in shiga in juye maka."

"Ajiye a nan."

"Yau kuma? Ko ka yi amarya ne kake ɓoye mana?"

"Na yi. Ba ta son baƙi."

Ta yi dariya, ta miƙo hannu za ta taɓa goshina. Na ja baya har na bugi ƙofa. Dariyar ta tsaya.

"An kwantar da Kawu Bisnu, ka sani? An sa masa robar iska a hanci. Matarsa ta ce likita na tambayar wanda suka yi aikin tare."

Na ce Bisnu tun yana saurayi ƙirjinsa na taba ne.

"Na ji labarin Kapten. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na ce ba na son maganar. Wannan kam gaskiya na faɗa.

Na tsaya har ta sha kwana. Duk tsawon tsayuwar addu'a ɗaya nake yi, kada ya motsa.

Juma'a, bayan salla

Ni har yau yamma nake fuskanta idan zan yi salla, yadda kakana ya yi da aka sauke shi daga jirgin da ya ɗauko shi daga ƙasarsu Jawa, inda alƙibla take yamma. Malamai sun gaji da gaya mini cewa daga nan alƙibla gabas take. Na ji. Ban juya ba. Wanda malamai suka kasa juyawa, ma'aikaciyar gwamnati ce za ta juya shi?

Na duba idonsa da kyau a hasken taga. Garau. Na sake dubawa. Na hagun kamar da ɗan laima, amma ya sha ruwa ne kafin nan.

Ya ci, ya sha.

Asabar

Kashinsa ba kore ba ne. Ganyen da na ba shi ne.

Lahadi, da safe

Ban je ba. An ce ma an hana taron sai abin da hali ya yi.

Tari kaɗan. Bargo biyu.

Litinin, dab da magariba

Ta zo. Malama Irma, ita kaɗai, babu kayan aiki, sai takunkumi. Ta zauna a ƙarshen bencin baranda, ni ina ɗaya ƙarshen.

Ta ce ta kawo mini takardar zuwa asibiti ne a duba ni. Ta ce cutar tana da magani in an tare ta da wuri, Bisnu jinkiri ya yi. Na ce lafiyata ƙalau. Tari ya taso, na haɗiye shi har hawaye ya fito mini.

Muna zaune sai wani ya tsayar da babur a mararraba yana gaisawa da mai shago, da keji ɗaure a bayansa. Ban san shi ba. Tsuntsunsa ya ga fili, ya saki murya. Wata 'yar waƙa ce ta yayi, gajera, ba gishiri.

Na ce a raina, yi shiru. Don girman Allah yi shiru. An rufe ka, duhu ne, kai tsoho ne, ba da kai yake ba.

Ya ba shi numfashi ɗaya. Sai ta taso daga bayan gida, ta cikin zane, ta cikin ƙofar kwano, ta fara can ƙasa. Kwana goma yana cikin duhu bai ce uffan ba, amma a kira shi gasa a ƙofar gidansa ya ƙyale? Bai taɓa ba. Ya yi ta, ya sake, ya sake. Na kan babur ya yi tsit. Mai babur ya juyo yana neman inda take fitowa.

Sai na ga Malama Irma tana kallon gwiwata. Ashe yatsana ne ke jan layi a kan wando, yadda mai alli ke yi.

Na ce, "Rediyon maƙwabta ne."

Ta ce, "Rediyon nan ya iya waƙa."

Muka saurara har ya gama.

"Mahaifina ma yana da twatwa," in ji ta. "A kafaɗarsa na fara zuwa fili. Ban taɓa jin wannan ba."

"Ba za ki ƙara ji a wani wuri ba. Shi kaɗai ne."

Ta ce ba ta zo da takardar shiga gida ba, don haka yau ba ta ga komai ba. Ranar Alhamis za ta dawo da ita, da ɗan sanda. In na miƙa shi da kaina kafin nan, za ta roƙa a ware shi a gwada shi, in da hali a ba shi magani.

"Roƙo, ko alkawari?"

"Roƙo, Pa. Maigidana tsoro yake ji. Mai jin tsoro ba ya tsayawa ware ɗaya daga cikin ɗari."

Na ce ashe ni da maigidanta ciwonmu ɗaya.

Ta bar takardar asibitin a kan benci, ta danne da dutse.

Talata, da hantsi

Akwai ɗan ƙanina a ƙetaren kogi, yana da bukka a cikin gonar ayaba. Ba mai zuwa can sai sauro. In na kama kwalekwalen farko gobe, kafin Alhamis mun yi nisa. A can zan ba shi ruwan tafarnuwa da zuma, yadda mahaifina ke yi. Wata biyu, uku, ƙura ta lafa, Kornelis ya huce ya kawo ƙaramin.

Na ɗaure shanshera a ƙunshi. Na ɗauko jaka daga saman kabad, sai ɗakin ya juya. Na zauna a ƙasa. Zan tashi in an jima.

Ya ci kaɗan.

Talata, ban san lokaci ba

Sanyi. Sanyi. Haƙorana da suka rage suna karo.

Na shigo da shi ɗaki, na rataye a ƙofar kabad, in riƙa ganinsa.

Laraba, da yamma

Dole sai na rubuta wannan.

Ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni. Na ɗauka marigayiya ce. Na buɗe ido, rana ta yi sama, kwalekwalen farko ya daɗe da tafiya. Sumi ce. Na manta tana da maƙulli. Ta buga ta buga ba a amsa ba, ta shigo. Ta ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma a goshi, ta yaye zanen keji, ta zaro farantin ƙasa ta kakkaɓe. Tana duƙe da cikin nan nata, tana share busasshen kashi da gashin da suka zuba a gindin kabad. Hasken taga ya ratsa ɗakin, ina ganin ƙurar tana tashi tana zagaya fuskarta.

Ban san ina da sauran murya irin wannan ba.

"Fita! Fita waje! Rufe hancinki!"

Ta saki tsintsiya. "Pa, ai Kapten ne, ga shi da ransa, me ya sa ka ce..."

Na jefe ta da matashi. 'Yata, da ban taɓa ɗaga wa hannu ba. Na rarrafa na tura ta har baranda, na rufe ƙofa, na jingina da ita. Ina jin ta tana kuka a waje. Na tambaye ta ta cikin katako tun yaushe take sharar. Ta ce ba ta sani ba. Na ce ta tuna. Ta ce ba ta sani ba, Pa, ba ta sani ba.

Na ce ta wanke fuska da hannu a famfon waje, ta wuce asibiti yanzu, ta faɗa musu komai. Kafin ta tafi ta ɗauki takardar da ke ƙarƙashin dutse, akwai lamba a jiki, ta kira.

Laraba, bayan magariba

Malama Irma ta zo da akwatin roba mai huji. Na ce ba zai shiga wannan ba, bai taɓa kwana a wani keji ba. Ta ce to a sa kejin gaba ɗaya a cikin buhu. Na ce ni zan sa.

Na canja masa ruwa. Ya dube ni da gefen ido, na hagun ya manne. Ba ruwan sha ba ne. Na sani tun Juma'a.

Na gaya mata ba ya cin shansherar da ba a wanke ba. Ba ya son a tsaya masa ta baya. Ta ce ta ji. Na ce yau Laraba ce, ta shaida, ban kai Alhamis ba. Ta ce ta shaida.

Ta riƙe buhun nesa da jikinta. Na ce ba haka ake riƙewa ba, zai yi ta bugun sanduna. Ta matso da shi.

Motar asibiti na jira a waje. Sun ce in bar littafin. Na ce sai dai su bar ni.

Asibiti. An ce yau Lahadi

Kwanakin tsakiya ba su nan, ban san inda suka shiga ba. Akwai roba a hannuna.

Sumi ta tsaya ta bayan gilashi. An ba ta magani tun ranar, an ce a jira a gani, yau ba zazzaɓi. Ta ɗora tafin hannu a kan cikinta ta gyaɗa mini kai. Na juya bango don kada ta ga fuskata.

Na tambayi nas ko wata ma'aikaciyar tasha ta zo. Ta ce babu.

Litinin

Babu.

Talata

Babu. In da labari mai daɗi ne da an aiko. In da mummuna ne ma da an aiko. Tana roƙo ke nan har yanzu.

An dawo da Bisnu ɗakinmu, gadon da ke kusa da nawa. Ya zube, tumbin nan duk ya tafi. Ya dube ni ya ce, "Tsoho, har nan ka biyo ni? Ba ka da zuciya." Na ce na zo ganin ko da gaske ne an ce ya daina surutu.

Alhamis, da la'asar

Ta zo.

Ta kawo kejin. Ta wanke shi da kyau, har tsakanin sanduna, sai warin maganin asibiti yake yi. Ta gyara ƙofar da ta daɗe tana cijewa.

Ta ce ta je ofishin maigidanta sau uku. Ta ce gwajin ya nuna yana da cutar. Ta fara cewa bai wahala ba, na ɗaga mata hannu.

Na tambaye ta na Kornelis. Ta ce lafiyarsa ƙalau, da babban da ƙaramin.

Na ce ta gode. Ta ce, "Ni zan gode?" Na ce na gode nake nufi. Ta tsaya kaɗan, ta ajiye shi a ƙarƙashin gado, ta tafi.

Juma'a, da hantsi

Mai twatwa ba ya yi wa tsuntsunsa fito, bakin mutum ɓata musu waƙa yake yi. Don haka tun ina yaro nake jin ta, ban taɓa fitar da ita da bakina ba ko sau ɗaya.

Yau bayan an zagaya da magani na gwada. Iska kawai ta fito. Na jiƙa leɓe na sake. Farkon ya zo, can ƙasa. Mirginawar ta zo rabi, tari ya yanke ta. Nas ta leƙo ta ce huhuna ba na wasa ba ne yanzu. Na jira ta wuce.

A karo na huɗu na kai hawan ƙarshe. Na hau, na hau, na yanke.

"Ba haka ba ne," in ji Bisnu, idonsa a rufe.

"Me ka sani?"

"Shekara tara yana huda mini kunne a sito. Sau uku yake hawa kafin ya yanke."

"Sau biyu."

"Uku, tsoho. Na ukun gajere ne, kamar shaƙuwa."

Na buɗe baki zan zage shi. Na saurara a cikin kaina, inda take zaune tun ina ɗan shekara biyar. Na ji ta da biyu. Na sake saurarawa, na ji ta da uku. Duka biyun sun zauna daidai.

Duk zazzaɓin da na yi, jikina bai yi sanyi irin na lokacin ba.

Na ce, "Bisnu, ka tabbata?"

Ya buɗe ido ya dube ni. Sannan ya cire robar daga hancinsa, ya tashi zaune da ƙyar, ya jiƙa leɓe.

"Yi naka in yi nawa," in ji shi. "Amma a hankali. In matar nan ta kama mu, kai ka fara."